Bin Sawun Les Rallizes Dénudés, Daga Kiyoto Zuwa Kawasaki

Akwai makaɗin da ke bin suna a guje, akwai kuma wanda idan suna ya shigo masa ta ƙofa sai ya fice ta taga. Takashi Mizutani irin na biyun ne. Daga 1967 zuwa 1996 ya ja ragamar wata ƙungiyar kiɗan rok a ƙasar Japan mai suna Les Rallizes Dénudés, kuma a tsawon waɗannan shekaru bai taɓa miƙa wuyansa ga wani babban kamfanin faifai ba, 'yan jarida ma da ƙyar suke samun bakinsa. Hatta mutuwarsa sai da ta yi ɓuya: a 2019 ya rasu, amma ba a sanar ba sai a watan Oktoba na 2021. Abin da ya bari kiɗa ne mai ƙarar da baƙon kunne zai rantse na'ura ce ta lalace, wanda ya saba kuwa ba ya ƙoshi da shi.

Ni ina cikin waɗanda suka saba. Da zumunci ya kai ni Japan wajen ɗan ƙanwata da ke karatu a Kiyoto, sai na ɗora masa aikin rakiya da tafinta, muka bi garuruwa da unguwannin da wannan kiɗa ya ratsa. Na daɗe ina zargin cewa ba a gane shi sosai sai an san irin ɗakunan da aka yi shi dominsu.

Kiyoto

Daga babbar tashar Kiyoto muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Karasuma zuwa Imadegawa. Kana hawowa daga ramin tashar sai ga Jami'ar Doshisha da gine-ginenta na jan bulo, wasu tun ƙarni na 19, domin a 1875 ne Niijima Jo, wani ɗan Japan Kirista da ya yi karatu a Amurka, ya kafa makarantar. Kudu da ita katangar tsohuwar fadar sarakunan Japan ce, arewa kuma gidan ibadar Shokokuji na mabiya Buda. Lokacin kaka ne, ganyaye sun yi ja sun yi rawaya, ɗalibai na wucewa a kan kekuna babu mai ɗaga murya. A wannan wuri mai ladabi ne wasu ɗalibai suka haɗu a ƙarshen 1967: Mizutani da jita da murya, Takeshi Nakamura da jita ta biyu, Moriaki Wakabayashi da bes, Takashi Kato da ganguna.

Natsuwar da muka tarar ba ita suka tarar ba. A shekarun nan jami'o'in Japan tafasa suke yi. Ana yaƙi a Biyetnam, Amurka na amfani da sansanoninta da ke Japan, ga yarjejeniyar tsaro tsakanin ƙasashen biyu da za a sabunta a 1970. Ɗalibai suka sa hulunan kwano, suka ɗauki sanduna, suka toshe azuzuwa da tebura da kujeru. A watan Janairu na 1969 sai da 'yan sanda suka yi amfani da ruwa da barkonon tsohuwa kafin su ƙwace zauren Yasuda na Jami'ar Tokiyo daga hannun ɗalibai, kuma a shekarar ba a yi jarrabawar shiga jami'ar ba. Makaɗan Mizutani a cikin wannan hayaƙi suka koyi sana'a. Sun yi aiki da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Kiyoto mai suna Gendai Gekijo, kuma tun daga lokacin wasansu bai tsaya a kunne kawai ba: fitilu masu walƙiya, da ƙwallon madubi mai juyawa a rufi, da sautin da aka ƙure, duk a kan mai kallo lokaci guda.

Muka tsallaka kogin Kamo a ƙafa, muka gangara Jami'ar Kiyoto, inda a watan Afrilu na 1969 suka yi wasa a cikin wani gini da ɗalibai suka mamaye. A gefen titin Higashioji akwai tsohon zauren Seibu Kodo, mai rufin tayil irin na gargajiya da aka zana wa manyan taurari uku. Ɗalibai ne ke tafiyar da shi, kuma Frank Zappa ya yi wasa a ciki a 1976. Gabansa fili ne na ƙasa da tsakuwa, ga tsofaffin kekuna da allunan sanarwa da aka rubuta da hannu. A duk yawon da muka yi a Kiyoto, nan ne kawai na ji ƙanshin wancan zamani bai gama fita ba.

A nan kuma dole a ambaci labarin da ya manne wa ƙungiyar. Ranar 31 ga Maris 1970, wasu matasa tara 'yan ɓangaren Red Army masu ra'ayin gurguzu suka yi fashin jirgin Japan Airlines mai lamba 351, wanda ake yi wa laƙabi da Yodo-go, a kan hanyarsa daga Tokiyo zuwa Fukuoka. Da takubba suka shiga. An saki wasu fasinjoji a Fukuoka, sauran kuma a Seoul bayan mataimakin ministan sufuri, Shinjiro Yamamura, ya ba da kansa a madadinsu, daga nan jirgin ya wuce Koriya ta Arewa. Ɗaya daga cikin taran nan Wakabayashi ne, mai bes na farko, wanda ya riga ya bar ƙungiyar kafin ranar. Tun daga nan duk wanda zai yi maganar Rallizes sai ya fara da jirgi, ya bi da baƙaƙen kaya da baƙin tabarau da dogon gashin Mizutani, ya ƙare da jita-jitar ɓuyansa. Kafin a zo kan kiɗan, takarda ta cika. Wannan shi ne zaluncin da aka daɗe ana yi musu: an san tatsuniyarsu fiye da aikinsu.

A cikin jirgin Shinkansen

Tsakanin Kiyoto da Tokiyo tafiyar sa'a biyu da kwata ce a jirgin Nozomi, wanda gudunsa kan kai kilomita 285 a sa'a. Muka sayi abincin kwali a tasha, shinkafa da kifi, muka zauna ta hagu saboda ta nan ake hango dutsen Fuji. Yaron nan ya sha jin ina ta zuba a kan mutanen da bai taɓa saurara ba, sai na miƙa masa iyafis na kunna masa «Yoru, Ansatsusha no Yoru» daga wasan 1977. Bai yi minti biyu ba ya zare ɗaya.

«Kawu, anya wayar nan taka lafiya take?»

«Ƙalau take. Mayar. Ka rabu da jitar tukuna, ka bi bes.»

Ya mayar yana yamutsa fuska. Can na ga ƙafarsa ta fara taɓa ƙasa a hankali. Da waƙar ta ƙare ya juyo ya ce, «Kawu, ashe akwai waƙa a ƙarƙashi.»

Abin da ya gano kenan a zaman farko, kuma shi ne sirrin ƙungiyar gaba ɗaya. Takun bes ɗin wannan waƙa ya yi kama ƙwarai da na «I Will Follow Him», waƙar soyayyar da Little Peggy March ta kai matsayi na ɗaya da ita a Amurka a 1963. Taku ne mai fara'a, irin wanda yaro zai iya bi da tafi. Mai bes ya riƙe shi fiye da minti goma bai ƙara ba bai rage ba, mai ganga na biye da shi, sannan Mizutani ya zo ya kwararo wuta a kai. Yawancin waƙoƙinsu haka ƙashinsu yake: sauyin sauti biyu ko uku, kari mai sauƙi da daɗi, da haƙurin maimaitawa. Ƙarar ba ta rusa waƙar. Da babu waƙar a ƙasa da kunne bai sami abin dafawa ba, da babu ƙarar kuma da waƙar ba ta wuce ta gidan rawa ba.

Shinjuku

Ranar Juma'a, bayan mun sauko daga masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, wanda aka sake ginawa a 2000 bisa salon Turkawa, muka hau layin Odakyu zuwa Shinjuku, muka shiga ɗaya daga cikin shagunan Disk Union. Shagon faifai a Tokiyo abin kallo ne. Kowane faifai na cikin leda, an manna masa 'yar takarda mai bayyana lafiyarsa da ta kwalinsa, har da ko siririn ɗamarar takarda da ake zagaya wa faifan Japan tana nan ko ta ɓace, domin farashi na hawa da sauka a kanta. Masu saye na tsaye a jere, kowa na tura faifai da yatsu biyu cikin sauri, ba ka jin komai sai ƙaf-ƙaf ɗin kwali.

Da yarona ya tambayi mai jiran kanta, bai ce komai ba, ya kai mu wani lungu ya nuna allon da aka rubuta sunansu da harafin Japan, Hadaka no Rallizes, yadda mutanen gida ke kiransu. Abin da ke bayan allon shi ne tarihin ƙungiyar a taƙaice. Kaɗan ne suka fito da yardar mai kiɗan. A 1991, bayan fiye da shekara ashirin da kafuwa, Mizutani ya saki faifan CD guda uku: «'67–'69 Studio et Live», da «Mizutani / Les Rallizes Dénudés», da «'77 Live». Ba a buga da yawa ba, suka ƙare, farashinsu a hannun 'yan gwanjo ya yi tashin gwauron zabo. Yawancin sauran kwafin bayan fage ne, wasu da kwali mai kyau da sunan da mai kwafin ya ƙirƙiro da kansa, wasu ba su da komai sai kwanan wata da sunan zaure.

Wanda ya taso da kaset ɗin Alhaji Mamman Shata ba zai ga baƙon abu a nan ba. Da yawa daga waƙoƙin Shata sun iso mu ne ta hannun wani da ya ajiye rakoda a wurin wasa ko a gaban rediyo, ya ba wani ya kwafa, wancan ma ya ba wani, kuma masana har gobe suna gardamar wace Bakandamiya ce ta fi, tunda bai taɓa yin ta iri ɗaya sau biyu ba. Masoyan Rallizes ma haka suke. Ba sa tambayar ko ka san waƙa kaza, sai dai su ce ta wace shekara, a wane zaure. Jerin waƙoƙin Mizutani ba shi da tsawo, su ya yi ta juyawa shekara da shekaru, amma wadda ta zo a sanyaye cikin minti takwas a wannan dare tana iya zama dodo mai minti ashirin a wani daren.

Kichijoji

Layin Chuo, mai jirage masu ratsin ruwan lemo, shi ne jijiyar wannan labari a Tokiyo. Daga Shinjuku yake miƙewa yamma ta Nakano, Koenji, Asagaya, Ogikubo, har Kichijoji da gaba, kuma tun shekarun 1970 unguwannin da ke bakinsa suka zama matattarar makaɗa da masu zane da ɗaliban da haya mai tsada ta kora daga tsakiyar birni. Mizutani ya koma Tokiyo a 1970, bayan rukunin farko na Kiyoto ya watse.

Kichijoji ta yau unguwar 'yan gayu ce, mai shagunan kofi da tafkin Inokashira inda masoya ke tuƙa kwalekwale. Sai ka kutsa lungunan Harmonica Yokocho da ke arewa da tasha, inda mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa, kafin ka ji ɗuriyar tsohon gari. A kusa da tashar nan aka buɗe wani ɗan gidan kiɗa a saman bene mai suna OZ a watan Yuni na 1972, a ƙarƙashin kulawar Minoru Tezuka, aka rufe shi a watan Satumba na 1973. Bai cika shekara ɗaya da rabi ba, amma a nan Rallizes suka sami gida. Da za a rufe, aka fitar da faifai biyu a haɗe mai suna «Oz Days Live», inda suka sami gefe guda tare da wasu irin su Taj Mahal Travellers da Masato Minami. Har zuwa 1991, wannan gefe guda ne kusan duk abin da mutum zai iya saye nasu a shago.

OZ babu ita yanzu. Gidan sinima na Baus, inda suka yi wasa a watan Fabrairu na 1993, shi ma an rufe shi a 2014. Muka tsaya a bakin titi muna ɗaga kai muna duban benaye, masu wucewa na kauce mana cikin ladabi. Amma zaren da aka naɗa a OZ ya tsira, Tezuka ya adana shi kusan rabin ƙarni, kuma a 2022 kamfanin Temporal Drift na Amurka ya fitar da shi da sunan «The OZ Tapes». Duk mai cewa Rallizes hayaniya ce zalla, nan ya kamata a fara kai shi. A wannan zamani Makoto Kubota ne ke riƙe da bes, kuma akwai waƙoƙin da ke tafiya a hankali, jita na kaɗawa tsaf babu ƙura, muryar Mizutani siririya, kamar mai jin nauyin a ji shi. Mutumin ya iya taushi sarai. Ƙarar da ya koma yi daga baya zaɓi ce ta wanda ya san ɗaya hanyar.

Koenji

Tunda ba za a sake ganin Rallizes a dandamali ba, na ce mu je mu ga jikokinsu a sana'a. A Koenji gidajen kiɗa na ƙarƙashin ƙasa sun fi a ƙirga. Muka zaɓi ɗaya da allon ƙofarsa ya yi alƙawarin ƙara. Matattakala ce siririya, bangonta shafe da takardun sanarwa, sai ƙofa mai nauyi, a bayanta wata ƙofar. Ana biyan kuɗin shiga, a ƙara da kuɗin abin sha na dole, a ba ka ɗan kati. Muka karɓi shayin oolong mai sanyi da namu. Ɗakin bai fi falon gida mai yalwa ba, rufinsa ƙasa-ƙasa, an shafe komai da baƙin fenti. Muka cusa abin toshe kunne da muka saya a kantin magani.

Matasa uku ne suka hau. Abin da na zo gani ya faru a waƙa ta biyu. Mai jitar ya juya mana baya, ya fuskanci amfilifaya, ya daina taɓa tsirkiya gaba ɗaya. Sai ga wani kuka ya taso, irin wanda lasifika ke yi idan makirufo ya matse ta, wanda kowane mai kula da na'ura ke rugawa ya kashe. Shi bai kashe ba. Ya matsa gaba da taki guda, kukan ya yi kauri. Ya karkata wuyan jitar sama kaɗan, kukan ya haura ya zama siriri. Ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya biyu, ya bar ɗaya, sautin ya rabu gida biyu yana karo da kansa. Ƙafar wandona na kaɗawa, ƙanƙarar da ke cikin kofina na motsi, haƙarƙarina na amsawa. Mutanen ɗakin kuwa tsaye suke cak, wasu ido a rufe, babu mai rawa babu mai ihu.

Yadda abin yake shi ne, tsirkiya na girgiza, maganaɗisun da ke jikin jita ya ɗauki girgizar ya aika wa amfilifaya, lasifika ta fitar da ita da ƙarfi, iskar da ta fito ta sake kaɗa tsirkiyar, abu ya yi ta zagayawa yana ciyar da kansa. Saboda haka nisan mai kiɗa da lasifika, da faɗin ɗaki, da irin bangon, da yawan jikkunan da ke tsaye suna shanye sauti, duk suna cikin kayan kiɗan. A nan na ga dalilin da ya sa Mizutani bai gamsu da abin da sitidiyo ke ba shi ba. A sitidiyo ana raba kowane makaɗi da ɗan'uwansa, a kashe amon ɗaki, a tsare allurar na'ura kada ta shiga ja. Duk abin da injiniya ya koya ya hana, shi ne abin da wannan mutum yake nema.

Tachikawa

Daga Shinjuku zuwa Tachikawa kimanin minti arba'in ne a jirgi mai sauri, a kan layin Chuo ɗin dai. Garin ya daɗe a inuwar sansanin sojan saman Amurka. A tsakiyar shekarun 1950 manoman Sunagawa da ɗalibai suka yi ta arangama da 'yan sanda a kan shirin faɗaɗa filin jirgin, kuma sai a ƙarshen 1977 aka mayar wa Japan da wurin. A wani ɓangare na filin aka yi lambun Showa Kinen, wanda aka buɗe a 1983. A cikinsa muka zauna, kusa da layin itatuwan ginkgo da suka zubar da ganye rawaya har ba a ganin ƙasa, na saurari «'77 Live» daga farko har ƙarshe.

Ranar 12 ga Maris 1977 aka naɗe shi, a wani zauren ilimin jama'a na hukuma da ke wannan gari, watanni kafin Amurkawa su miƙa sansanin. Mutum huɗu ne a dandamali: Mizutani, da Nakamura abokinsa tun Kiyoto, da Hiroshi Narazaki a bes, da Toshiro Mimaki a ganguna. Waƙa bakwai, fiye da sa'a ɗaya da rabi.

«Enter the Mirror» ce ke buɗewa, kuma ba ta gaggawa. Jita na sauke sauti ɗaya-ɗaya, kowanne na jan amsa-kuwwarsa a baya, kafin na farko ya mutu na biyu ya hau kansa. Muryar ma ta cikin na'urar amsa-kuwwa take fitowa, kalma na bin kalma har su cakuɗe, ta yadda ko ɗan Japan sai ya kasa kunne sosai. Kalmomin ba sa nisa da dare da madubi da ƙanƙara da wuta. Ana cikin wannan lallashi ne Mizutani zai taka na'urar da ke ƙasan ƙafarsa, jitar ta tsage. Zaren naɗin kansa ba ya iya ɗaukar nauyin, sai ka ji ganguna sun nutse, sun koma can ƙasa kamar ana buga su a wani gida. Idan ya ɗaga ƙafa suka dawo, sai ka tarar ba su yi kuskuren bugu ko ɗaya ba.

Wannan ne ya sa nake ganin an rage wa Narazaki da Mimaki haƙƙinsu. Ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya riƙe taku guda na minti goma sha biyar alhali a gefensa ana rushe duniya, bai yi sauri ba, bai yi kwalliya don a lura da shi ba. Shi kuma Mizutani gwanintarsa ba ta gudun yatsu ba ce. Ta sanin lokaci ce: yaushe zai saki ƙarar, tsawon wane lokaci zai bar ta, da kuma yaushe zai janye ta ya bar ka da bes kaɗai, ka ji kamar an sauke maka kaya. «The Last One», wadda suka saba rufe wasa da ita, ta haura minti ashirin a wannan dare, a kan taku guda mai nauyi da ke maimaituwa har ka daina ƙirga. Mutane kan kwatanta su da Velvet Underground na Amurka, kuma akwai dangantaka, amma waɗancan 'yan birni ne masu ba da labarin titi. Waɗannan ba labari suke bayarwa ba, wuri suke ginawa su sa ka a ciki.

Ba zan ce komai nasu zinariya ba ne. A cikin kwafin bayan fage akwai waɗanda aka naɗa daga aljihun wani a bayan zaure, ba ka jin komai sai gurnani. Akwai darare da makaɗan suka gaji, waƙa ta yi tsawo babu dalili. Wanda ya faɗa kan irin waɗannan da farko ya gudu, ba a ga laifinsa ba. Amma makaɗi da mafi kyawun darensa ake auna shi, kuma daren Tachikawa zai tsaya kusa da kowane faifan wasan kai-tsaye da aka yi a shekarun 1970, a kowace ƙasa.

Kawasaki

Zangon ƙarshe Kawasaki ne, garin masana'antu da ke tsakanin Tokiyo da Yokohama, ƙasa da minti ashirin daga tashar Tokiyo. Kusa da tasha akwai Club Citta, babban gidan kiɗa da aka buɗe a 1988. Ginin da muka gani sabo ne, na 2002, a tsakiyar wata unguwar shaguna da sinima da aka ƙawata da salon Italiya, 'yan mata na layin sayen tikitin wani mawaƙin zamani. A tsohon ginin ne Rallizes suka yi wasa ranar 17 ga Fabrairu 1993, kuma a nan suka yi na ƙarshe ranar 4 ga Oktoba 1996. A 1997 Mizutani ya fito tare da Arthur Doyle, Ba'amurke mai busa saksofon, daga nan bai sake hawa dandamali ba.

Shirun nasa bai hana kiɗan tafiya ba. A gida, makaɗa irin su High Rise da Acid Mothers Temple sun bi ƙofar da ya buɗe. A waje, littafin da mawaƙin Ingila Julian Cope ya wallafa a 2007 a kan rok ɗin Japan ya ja hankalin Turawa, sannan YouTube ya kai tsofaffin kaset inda mai su bai taɓa zato ba, har da wayoyinmu. Bayan rasuwarsa, tsofaffin abokan aikinsa da makusantansa suka kafa The Last One Musique don kula da abin da ya bari. Kubota, wanda ya zama gwanin sarrafa sauti, ya zauna ya gyara naɗe-naɗen. A 2022 aka sake fitar da faifan nan uku na 1991, a 2023 kuma wasan Kawasaki na 1993 ya fito da sunan «CITTA' '93».

Uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi, cewa kayansu ba sa samuwa ko ba sa jiyuwa, ya ƙare ke nan. Mai son gwadawa ya fara da «The OZ Tapes» don ya san waƙoƙin da fuskarsu a wanke, ya wuce «'77 Live», sannan «CITTA' '93» idan yana son jin yadda suka koma da tsufa, sun ƙara nauyi ba su rage ba. Kada ya saurara ta lasifikar waya, domin bes ba ya fita ta nan, kuma idan babu bes an cire wa ginin ginshiƙi. Kada ya tsallaka waƙa a minti na uku, don a nan ko gaisuwa ba a gama ba. Ya nemi iyafis mai kyau ko lasifika mai ƙarfi, ya ƙara sauti gwargwadon abin da kunnensa da maƙwabtansa za su yafe masa, ya ba ta sa'a ɗaya da rabi cur.